Dutsen da Motar Auta ta Cinye

Babana makaho ne, amma bai taɓa yarda an riƙe masa sanda ba. A wajensa makahon da ake ja mabaraci ne, ko da kuwa bai miƙa hannu ba. Haka ya gani a ƙasar Hausa kafin ya baro ta da ƙafa, haka ya gani a Sudan inda aka haife ni a kan hanya, da wannan ra'ayin kuma ya tsufa a Madina. Idon ma sai da girma ya kama shi sannan yanar ido ta rufe shi. Kafin nan ɗan ga-ruwa ne, garwa biyu da sanda a kafaɗa, yana hawa da sauka a unguwarmu tun ba a san famfo ba.

Gidanmu yana Harra ta Gabas, inda ƙasar duk baƙin dutse ce mai kaifi, irin wanda ke cin takalmi kamar yana jin yunwa. Lungunan unguwar kuwa duk kamarsu ɗaya, mai ido ma in baƙo ne sai ya ɓata. Namu ne kawai yake da shaida. A daidai bakinsa, inda ya haɗu da babbar hanya, akwai wani doron dutse da ya taso daga ƙasa ya gitta daga bango zuwa bango, kamar bayan rago a kwance. A kansa Baba yake sauke garwa ya huta lokacin yana ga-ruwa. Da ido ya tafi, sai dutsen ya zama idon.

Tafiya Harami, wato masallacin Annabi, ba ta ba shi wuya. Gangara ce, ga jama'a suna tafiya, ga kiran salla yana jan kunne, ga katangar maƙabartar Baƙi'a da yake bi da sanda yana yi wa na kwance sallama. Dawowa ce aiki. Zai hawo yana bin gefen hanya, ya wuce lungu, ya wuce wani, har tafin ƙafarsa ya taka gefen doron nan. Nan zai tsaya, ya ɗan buga shi da sanda kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar aboki, ya juya dama. Ina tsakar gida ina tuƙin tuwon da nake sayar wa ɗaliban jami'a 'yan Najeriya, sai in ji bugun nan, in san Baba ya dawo, in zuba masa ruwan sanyi. Wannan tafiyar ita ce duk abin da ya rage masa a duniya. Innarmu ta rasu, ƙarfi ya ƙare, ido ya tafi. Yakan ce shi dai ai ba don ya zauna a ɗaki ya taka daga ƙasar Hausa ba.

Mu biyu muka rage masa, ni da auta. Ni bazawara ce, na dawo gida. Auta kuwa a Madina aka haife shi, bayan an binne uku a tsakaninmu, shi ya sa aka goye shi har ƙafarsa tana jan ƙasa. Yana jin Hausa sarai, amma ka yi masa Hausa ya mayar maka da Larabci. Yana ƙarami Yaya yake ce mini. Da gashin baki ya fito na koma “ya ukhti”, wato 'yar'uwata, a bakin nan nasa mai tauri. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Irin mutanen nan ne da in suna son abu ba sa ganin komai sai shi.

A farkon shekarun tamanin, lokacin da kuɗi ya zubo ƙasar nan aka shiga malala kwalta ko'ina, ya samu aiki a wani ofishin motocin alhazai a Bi'ir Ali, yana yi musu tafinta. Bai daɗe ba ya shigo mana da mota. Ta hannu ce, ja, ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu da dogon hanci, in ta yi gurnani sai kofuna su yi rawa a kan tire. Motar tsere ce, ba ta ɗaukar buhun shinkafa, ba ta ɗaukar tukunyar gas. Na ce masa, “Auta, wannan ai ba mota ba ce, ado ne.” Ya yi dariya. Baba ya fito ya shafa ta daga hanci har wutsiya, ya tofa mata addu'a, ya ce Allah ya tsare.

Abin da nake so a riƙe shi ne, da tayoyin da ta zo da su, motar nan tana haye dutsen bakin lungu lafiya lau. Tayoyi ne masu kauri, masu ciki. Zai rage gudu, gaba ta hau, baya ta hau, ta shigo har ƙofar gida ba abin da ya taɓa. Watanni aka yi a haka, ba wanda ya ji kan dutse da mota.

Sai ya shiga cikin wasu samari 'yan unguwar Jurf masu irin motarsa. Su ne suka ce masa tasa ta yi tsayi, wai kamar motar ɗaukar tumaki, wai da gani ka san ta Takari ce, sunan da ake kiran baƙaƙe irinmu da shi. Wannan kalmar ita ta ci shi. Mu da aka kira mu da ita tun muna yara mun saba, shi kuwa kamar an watsa masa barkono. Ranar wata Alhamis ya kai ta wajen wani mutumin Cadi mai shagon faci, abin da a nan ake ce wa banshar, ya dawo da ita da sababbin ƙafafu.

Ido ba mudu ba, ya san kima. Ina leƙawa na ga motar ta durƙusa. Ƙarfen tsakiya, wanda suke kira janti, ya ƙara girma da faɗi yana ta ƙyalli, amma robar da ke kewaye da shi ta zama siririya kamar an naɗa masa igiya. Na ce, “To kai da ka sa manyan ƙarafa, ya na ga ta ƙara gajarta?” Ya duƙa yana nuna mini da hannu, yana jin daɗin an tambaye shi. Wai abin da robar ta rage ya fi abin da ƙarfen ya ƙara, don haka ƙafar gaba ɗayanta ta rage tsawo, cikin motar ya sauko kamar yatsu uku. Wai haka ake so, ta kwanta ta kama titi, in ya sha kwana ba ta tangaɗi. Na ce, “Au, wato ta cire takalmi mai tudu ta sa silifa.” Ya ce, “Aiwa!” wato ƙwarai kuwa.

Aiwa ɗin nan ba ta kai bakin lungu ba. Da ya zo shigowa sai muka ji ƙuuuu, ƙarar da har yau in na tuna ta haƙorana sai su mutu. Cikin motar ya hau kan dutse, salansa ta goge. Ya ja baya, ya gwada ta gefe, ya gwada a karkace. Ina! Dutsen da ya yi zamani kafin a haifi kakan wanda ya ƙera motar, shi zai duƙa mata? Dole ya bar ta a bakin babbar hanya, rana tana dukanta, awaki suna hawa.

Tsofaffin tayoyin huɗu da ƙarafansu suna jibge a bayan ɗakin girkina. Na nuna masa su na ce, “Ga maganin ciwonka nan. Mayar da su, ka huta mu huta.”

Ya ce, “Mustahil.” Ba zai yiwu ba ke nan.

Na ce, “To bar ta a waje.”

Ya ce rana za ta cinye fentin. Ya tsaya yana kallon bakin lungun, ya ce da Larabci, dutsen ne matsala.

Na ce, “Kai, auta! Ka kiyaye ni. Dutsen nan da shi Baba yake gane gida.”

Ya ce ai don Baba ma zai yi. In aka fasa dutsen aka shafe lungun da siminti, mota za ta zo har ƙofa, ya riƙa kai Baba Harami yana dawo da shi kamar sarki. Tsoho makaho yana tafiya cikin rana a kan duwatsu, ɗansa yana da mota, wai wannan abin kunya ne, mutane za su zage shi. Ka ji fa! Wata nawa motar tana shigowa har ƙofa bai tuna da kunyar ba, sai da salansa ta goge.

Na je na samu Baba na ce ya hana shi. Ya ja carbinsa, sannan ya ce, “Uwata, yaro ya ce zai yi mini alheri, in ce masa a'a? Bar shi.” Sunan mahaifiyarsa gare ni, shi ya sa yake kirana haka. Na ce, “Baba, ba alheri ba ne, ƙarfensa yake ji.” Ya ce, “Na sani. Bar shi.” Wannan “na sani” ɗin ta fi komai ƙona mini rai. Ya sani, amma ba zai iya buɗe baki ya ce wa autansa ina bukatar dutse ba.

Aka kawo leburori da manyan guduma. Yini suka yi suna dukan doron nan, yana tartsatsi, ni ina tuƙa tuwo ina tsine wa roba da wanda ya ƙago ta. Suka kwashe ɓaraguzan, suka malala siminti tun daga babbar hanya har ƙofarmu, sumul. Maƙwabtan lungunan gaba da na baya suka gani suka yi sha'awa, su ma suka gyara bakin nasu. Kafin wata ya ƙare duk unguwar ta zama abu ɗaya a ƙarƙashin ƙafa.

Sai yabo ya tashi. Wani ustazu cikin ɗaliban da ke sayen tuwona, mutumin kirki wallahi, ya tsaya a zaure yana cewa kawar da abin cutarwa daga hanya sadaka ce, auta ya yi abin da manya suka kasa. Tsofaffin unguwa suka yi ta sa masa albarka. Ni kaɗai na zama mai baƙin ciki, bazawarar da ba ta son ci gaban ƙanenta. Na haɗiye, don in na yi magana cewa za a yi hassada ce.

Auta ya cika alkawari, na kwana kaɗan. Shigar da Baba motar nan kuwa abin tausayi ne. Ta yi ƙasa ƙwarai, sai an naɗe shi an tura, gwiwoyinsa suna taɓa haɓarsa, sandar ma ba ta samu wuri ba sai ta taga. In an isa, sai auta ya kama hannuwansa biyu ya fizgo shi waje a gaban jama'a. Mutumin da bai yarda a riƙe masa sanda ba, ga shi ana ciro shi kamar buhu. Ya dawo ran nan ya ce mini a hankali, “Uwata, ko katangar Baƙi'a ban ji ba. Ban yi musu sallama ba.” Daga nan aikin Hajji ya matso, motocin alhazai suka cika Bi'ir Ali, auta ya koma fita da sassafe sai dai a gan shi in an gan shi.

Baba ya ɗauki sandarsa ya ce zai je Azahar da ƙafarsa. Na ce in raka shi. Ya ce, “Ja na za ki yi?” Na koma na zauna.

Aka idar da salla, na kasa kunne. Na san babu dutsen da zai buga, amma kunne bai san haka ba. Tuwo ya huce, ɗalibai suka ci suka tafi, rana ta karkata, babu Baba. Na zari mayafi na fita, na bi hanya har kusa da Baƙi'a ina tambaya, na dawo na haura sama. Can gaba da unguwarmu sosai, inda gidaje suka fara ƙarewa, na hango shi. Ya wuce lungunmu bai sani ba, ya yi ta tafiya yana jiran ƙafarsa ta gaya masa, ita kuwa ba ta da abin faɗa. Yana tsaye a jikin wani bango inda babu ko inuwa, leɓɓansa sun bushe, ya ƙi tambayar kowa.

Na ce, “Baba.” Ya miƙo mini hannunsa a dunƙule, ya buɗe. Riyal ɗaya ce, ta jiƙe da gumi. Wani mai wucewa ya ga baƙin tsoho makaho da sanda a jikin bango, ya kama hannunsa ya cusa masa, ya ce a yi masa addu'a.

Baban nan nawa ya yi noman ƙodago a Sudan don kada ya roƙi guzuri. Ya ɗauki ruwa a kafaɗa har ƙashin wajen ya kauce. Bai taɓa cin sisin da bai yi wa gumi ba. Ya ce, “Uwata, karɓi, ki ba mabukaci.” Sannan ya miƙo mini ƙarshen sandarsa. Na kama, na shige gaba, yana biye. Haka muka ratsa unguwa, ni ina ja shi yana bi, mutane suna yi mana sannu. Ban taɓa jin tafiya mai nauyin wannan ba.

Da auta ya dawo na tare shi a zaure. Na wanke shi tas, da Hausa, don in zagi zai shiga ya shiga da harshen da aka goye shi da shi. Na ce garin neman gira ya rasa ido, kuma idon ma ba nasa ba, na ubansa. Ya ce, “Malesh, ya ukhti,” wai in yi haƙuri, wai ai ya ce a jira shi ya zo ya kai shi, wa ya ce ya fita? Na ce, “Uban wa zai jira ka da salla?” Baba ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce in bari. Na bari.

Na yi nawa ƙoƙarin. Na gangaro da ɗaya daga cikin tsofaffin tayoyin har bakin lungu, na jingine ta a gefen bango, na cika cikinta da duwatsu don kada a ture. Na lallaɓa Baba ya fito ya ji. Ya zo, sandarsa ta bugi roba, wani sauti maras rai. Ya duƙa ya shafa, ya gane ta. Ya ce, “Wannan ai takalmin motar ƙanenki ne. Mayar masa, wata rana zai nema.” Ya juya ya shige gida da kansa. Ashe ba gane lungu ne kaɗai ya ɓace masa ba. Tsoron kada a sake cusa masa riyal ne ya zaunar da shi, wannan kuwa babu tayar da za ta yi maganinsa.

Daga ranar ya koma salla a tsakar gida. In aka kira salla daga Harami muna ji sarai, iska tana kawowa. Sai ya karkata kai wajen, ya saurara har a gama, sannan ya lalubi buzunsa. Ƙafafunsa suka fara kumbura don rashin tafiya. Mutumin da yake dawowa da labarin wanda ya gamu da shi, Bakano ko Bazazzagi ko mutumin Damagaram, ya zama ba shi da abin faɗa sai tambayar ko an yi La'asar.

Shekara ba ta zagayo ba auta ya gaji da motar. 'Yan Jurf sun koma yayin wata iri, shi ma zai yi aure yana son mai ƙofa huɗu. Ya sayar wa wani Basudane mai gona a bayan gari. Mutumin ya zo ɗauka, ya zagaya ta, ya duƙa ya leƙa cikinta, ya ce wannan ai ba za ta kai shi gona ba, ina tayoyinta na asali? Auta ya ce suna nan. A gabana aka fito da su daga bayan ɗakin girki. Mai banshar ɗin nan na Cadi ya zo da jak da sifana, a ƙofar gidanmu ya kwance sirara ya ɗaura masu kauri. Ban gama tankaɗen garin tuwo ba ya gama. Motar ta miƙe ta koma tsayinta na da.

Aikin ke nan. Abin da na roƙa a yi ke nan, aikin da bai kai tankaɗen gari ba. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallo ta bi lungu, ta wuce ta kan wurin da dutsen yake a da, ga sarari a ƙarƙashinta har kyanwa ta ratsa. Auta yana ta murna ya rabu da ita lafiya.

Baba ya ji gurnaninta yana nisa. Ya ce, “Uwata, ta fita? Ba ta goga ba?”

Na ce, “Ba ta goga ba, Baba.”

Ya ce, “To alhamdu lillahi.”

Bai ƙara taka lungun nan ba. Ranar da ya sake bin sa zuwa Harami, a kafaɗar mutane ya bi shi. Mu mata ba ma rakiya, ina tsaye a bayan ƙofa ina jin takun masu makara suna tafiya a kan siminti, ba tuntuɓe, ba tangarɗa. Auta yana gaba yana kuka da gaske, ban ce na ƙarya ba ne. Da suka kai bakin lungu sai na ji wani dattijo cikin masu ɗauka ya ce, “Kai, Allah ya saka wa wanda ya gyara hanyar nan. Da can ai da wuya a fitar da gawa.”

Mutane suka ce amin. Ni ban ce ba, kuma har yau ban ce ba.